Yadda Darasin Dare Ya Koma Na Kuɗi a Ƙasar Tasawa

Lokacin da muka fara riƙe alli a ƙasar Tasawa, babu mai sayar da darasi. Mushen da ke da ajin CM2 shi ke tara yaransa bayan lisha a ƙofar gidansa, a kunna fitilar ƙwai, a yi dikte, a yi lissafi, har gyangyaɗi ya fara kayar da ƙanana. Ko dala ba ya karɓa. Ladansa yana zuwa ranar da aka faɗi sakamakon satifika da na shiga siziyam: in yaransa sun fi na ƙauyen maƙwabta, sunansa ya kai kunnen sufeto. Iyaye kuwa, a irin su Urafane, ba ƙarin karatu ya dame su ba. Wasu ma ɓoye yaro suke in an zo ɗaukar ƴan lakwal.

Daga 1990 abin ya fara juyawa. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu, yajin ɗalibai da na malamai ya zama ruwan dare, har shekarar karatu takan tafi a banza. Albashi ya riƙa taruwa bashi wata da watanni, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Malami na da iyali, kuma ilimin kansa kaɗai ne hajarsa. Alhazan Maraɗi da manyan ma'aikata suka fara ɗaukar malami ya zo gida ya koya wa ƴaƴansu, abin da ake kira kur da mezon. A can aka fara sa wa darasi farashi.

Sai zamanin ƴan kwantaragi. Daga ƙarshen shekarun 1990, musamman da shirin ilimi na shekara goma da ya soma a 2003, makarantu suka yawaita, koleji ya matso kusa da karkara. Wannan alheri ne, ba na musu. Amma an cika azuzuwa da matasan da horonsu kaɗan ne, kuɗinsu kaɗan, kuma ba ya zuwa a kan kari. Jarrabawar da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi a 2017 ta tona abin da iyaye suka daɗe suna zargi.

Mu na karkara muna da wata cutar da ba a gani daga ofis. A takarda ana komawa makaranta a Oktoba. Amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an yanke hatsi an samu kara, yaran ma suna gona. Sai Nuwamba karatu ke kankama, hadarin farko kuma ya yaye rumfar tun kafin a kai ƙarshen littafi. Ga shi takardar birebe, jarrabawar ƙarshen koleji, iri ɗaya ce a Yamai da Urafane da Mayahi, rana ɗaya, sa'a ɗaya. Wannan giɓin ne kur ke cikewa. Je ka ranar Laraba da yamma ko Asabar, za ka tarar da ƴan turaziyam masu shirin birebe sun kewaye guntun allon katako da aka jingina da bango, malamin lissafi na warware tambayoyin shekarun baya, wani yaro na kwafa daga wayar wansa inda aka turo su ta WhatsApp. Mai hali ya ba da jikka guda ko biyu a wata, marar shi ya kawo tiyar hatsi. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ma in sun zo hutu sukan buɗe nasu, kuma wallahi wasunsu sun fi mu iya bayani. Maƙwabtanmu na Katsina lesin suke ce wa kur, su WAEC da JAMB ke kora su.

Ni ma na yi kur, na ci kuɗinsa, kuma na ga yaran da ya fitar. Abin da ba na yafe wa sana'armu shi ne malamin da ke gaggauta darasi da safe, ya ce mai son fahimta ya same shi da yamma. Yara sun san irinsu, suna faɗi a bayan idonsu. Kuma dubi waɗanda ba sa zuwa: yarinyar da ke jiran daka da ɗiban ruwa, wadda uba ba zai bari ta fita bayan magariba ba, da ɗan ƙauyen da aka ajiye gidan wani a Tasawa don lise, wanda abincin darensa ma sai ya yi wa mai gida aike.

Satifika, wadda aka daina yi kusan shekara goma, an dawo da ita a 2024. Tun daga lokacin iyayen ƴan CM2 ma suka fara tare mu a kasuwa suna tambayar nawa ne wata.