Dokokin kare muhalli a Najeriya: Daga Koko zuwa gonakin Musawa

Dokokin kare muhalli na Najeriya suna da manufa biyu: hana gurɓata ruwa da iska da ƙasa, da kuma tabbatar da cewa an ci moriyar albarkatun ƙasa ba tare da an ƙarar da su kafin 'yan baya su taso ba.

Ga manomin Musawa, ko na Funtuwa da Malumfashi a jihar Katsina, inda auduga da masara da dawa suke abin dogaro, batun ya shafi maganin feshin da yake saye a kasuwa, da itacen da ake sarewa a gonarsa, da ruwan da dabbobinsa ke sha.

Tushen dokokin

Kafin shekarar 1988, babu wata hukumar tarayya da aka ɗora wa aikin kare muhalli kacokan. A shekarar ne aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin jihar Delta.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tilasta aka kwashe sharar, sannan ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da irin wannan shara. Doka mai lamba 58 kuma ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA.

A 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta wajabta nazarin illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. An narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli a 1999, kuma a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin.

Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare ruwa da iska da ƙasa da dazuka da namun daji. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu ne, wanda a bisa ƙa'ida ba a kai gwamnati kotu don ta gaza cika shi.

Maganin feshi

Dokokin sun ginu a kan cewa rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya gurɓata shi zai biya kuɗin gyara. Wannan yana da sauƙin aiwatarwa a kan masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa a Kano, domin an san bututun da ruwan dagwalon ke fitowa, an kuma san mai shi.

A karkara kuwa, gurɓatar tana fitowa ne daga dubban ƙananan gonaki. Auduga na cikin amfanin gonar da suka fi shan feshi, kuma sau da yawa mai feshin ba ya rufe hanci ko sa safar hannu. Wasu ma kan wanke galan ɗin maganin su riƙa zuba ruwa ko mai a ciki.

Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin yi wa waɗannan magunguna rajista. A 2008 ta haramta guda 30 daga cikinsu, bayan an samu mace-mace sakamakon cin abincin da aka adana da su.

Asarar ba ta tsaya ga lafiya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a cikinsa.

Maƙwabciyar Katsina, wato Zamfara, ta ga mafi munin abin da sakaci ke jawowa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta hallaka yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum.

Ƙasa da itatuwa

Manufa ta biyu ta samu karɓuwa a duniya ne bayan rahoton kwamitin Brundtland na 1987 da taron Rio na 1992, amma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Manomi ya daɗe da sanin amfanin barin gawo a gona: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Buƙatar itacen girki da gawayi ce ke cin wannan al'ada.

Katsina na cikin jihohi 11 na arewa da shirin dasa itatuwa na Great Green Wall ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015.

Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ita ma ta wannan fanni ce, domin ta keɓe wa makiyaya makiyaya tasu. Da gonaki suka cinye burtali da dama, rikicin manoma da makiyaya ya ƙaru, kuma dajin Rugu, wanda aka keɓe don kiwo da adana itatuwa, ya zama maɓoyar 'yan bindiga.

Dokar 1992 ba ta kai ga irin wannan sannu-sannun ba. Ta wajabta nazari ne idan za a mayar da dajin da ya kai hekta 500 gona, alhali a yankin Musawa hekta ɗaya ko biyu ake sharewa a lokaci guda.