Yadda Jarumtar Barade Ta Koma Ƙwarewa a Bakin Turawa

In muka bi sawun kalmar nan ta Turanci, prowess, har zuwa tushe, ba a fagen fama za mu tsinci kanmu ba. A harshen Latin akwai prodesse, wato abu ya yi amfani. Daga gare ta aka sami prode, mai amfani, sai bakin mutanen Faransa ya yi ta lanƙwasa ta har ta zama prod, daga baya preux. A zamanin da sarki ke bai wa mutum ƙasa don ya zo masa da doki da sulke ranar yaƙi, wa ya fi barde amfani? Ta haka "mai amfani" ya koma "jarumi", aikin da ya yi kuma aka kira shi proece.

Kalmar ta haye teku zuwa Ingila ne bayan 1066, shekarar da William na Normandi ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings. Faransanci ya zama harshen fada a Ingila, kuma zuwa ƙarni na 13 kalmar ta shiga rubutun Turanci da ma'anar bajintar yaƙi. 'Yar uwarta proud ta riga ta isa, amma ita a bakin Ingilishi girman kai ta fi nufi. Abin da barde ke kira jarumta, mai kallonsa daga ƙasa yana iya kiransa ji da kai.

Ƙarni na 14 ne lokacin da tauraron prowess ya fi haske. Wajen 1312 Jacques de Longuyon ya jera gwaraza tara da ya kamata kowane barde ya yi koyi da su, cikinsu har da Iskandar na Makidoniya, Julius Kaisar, Sarki Arthur da Charlemagne. Wajen 1350 kuma Geoffroi de Charny ya rubuta littafinsa kan tarbiyyar barade, inda ya auna bajinta hawa-hawa: karon mashi na mutum biyu abin yabo ne, gasar runduna ta fi shi, yaƙin gaske ya fi su duka. Bai tsaya a faɗa da baki ba. A 1356 aka kashe shi a Poitiers, tutar sarkin Faransa na hannunsa.

Sai dai tun kafin nan zamani ya soma juyawa. A Crécy, 1346, maharban Ingila, talakawa masu dogon baka, suka yi wa mahayan Faransa ruwan kibau. Aka maimaita a Agincourt a 1415. Sannan albarushi ya zo. A Castillon, 1453, tsohon gwarzon Ingila John Talbot ya afka wa sansanin da Faransawa suka girke igwa, a nan ya kwanta dama. Harsashi ba ya tambayar asali, kuma sarakuna suka gwammace soja mai albashi da horo.

Da fagen barde ya ƙuntata, kalmar ta nemi wani wurin zama. A hankali zancen zuciya ya yi ta raguwa a cikinta, iyawa ta rage. Shi ya sa muke jin ta a kan ɗan ƙwallo, da mai kiɗa, da ɗalibin da ya gwanance a lissafi. Faransawa ma suna kiran gada ko jirgin da injiniyoyi suka nuna gwaninta wajen ƙera shi prouesse.