Ma'ajiyar wucin gadi

ma'ajiyar wucin gadi (suna, mace, jam'i: ma'ajiyoyin wucin gadi). Wani gurbi ne a cikin waya ko kwamfuta inda manhajar lilo a intanet, kamar Chrome ko Firefox, take taskace kwafin hotuna da rubutun shafukan da aka riga aka ziyarta, domin kada a sake jawo su daga nesa kowane lokaci. Fa'idarta ba ƙarama ba ce a gari irin Iferwan, can cikin duwatsun Azbin a jihar Agadas, inda sadarwa kan yi rauni, kuɗin data kuwa abin tattali ne. Amma illarta ita ce, idan masu shafi suka sabunta bayani, alal misali ranakun bikin Ayar da akan yi a garin, mai karatu yakan ci gaba da ganin tsohon kwafi alhali yana zaton sabo ne. Maganin wannan shubuha shi ne a shiga saitin manhajar, a zaɓi share bayanan lilo, a taƙaita ga hotuna da fayilolin da aka taskace, domin share kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa don su gane mai ziyara, yakan fitar da mutum daga asusunsa. A kwamfuta kuwa, danna Ctrl tare da F5 galibi yakan wadatar.

*Misali:* «Malam, share ma'ajiyar wucin gadi tukuna, sa'an nan ka sake buɗe shafin.»