Likitan Weksfod da Mahaƙin Kwal: Waɗanda Suka Riƙe Ofera a Wajen Manyan Birane

A wannan makon za mu leƙa tarihin wata fasaha da ba mu saba da ita ba, wato ofera, wasan kwaikwayon Turawa wanda ake rera maganganunsa da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Ba waƙar ce ta ja mu ba. Abin da muke son gani shi ne wa yake biyan kuɗinta.

Ofera akwai cin kuɗi. Dare ɗaya kan buƙaci makaɗa hamsin ko fiye, ga 'yan amshi, ga teloli, kafintoci da masu haska fitilu. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka bayyana tushen matsalar: masana'anta na iya rage ma'aikata ta sa inji, amma kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu shekara ɗari biyu da suka wuce, yau ma sai mutum huɗu. Albashi na hawa, aikin bai ragu ba. Shi ya sa kuɗin tikiti ba ya rufe ɗawainiya, dole wani ya cike giɓin.

Mu fara da Weksfod, wani ƙaramin gari a bakin teku a kudu maso gabashin Ailan. A 1950 akwai wasu mutanen garin da kan taru su saurari faifan ofera a garmaho. Suka gayyato marubuci Compton Mackenzie ya yi musu lacca, shi kuwa ya ba su shawarar su bar zaman sauraro su shirya nasu wasan. Jagoransu likita ne mai sa barci a ɗakin tiyata, Dakta Tom Walsh. Shi da abokansa suka bi gari suna neman gudummawa, a 1951 suka nuna The Rose of Castile na Michael William Balfe a tsohon gidan wasa na garin. 'Yan amshin mutanen gari ne, haka masu ɗinka kaya da masu nuna wa baƙi kujera. Walsh ya riƙe ragamar har 1966.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce wannan: sun san ba za su iya gogayya da Landan ko Milan ba, sai suka koma tono wasannin da aka manta, waɗanda manyan gidaje ba sa nunawa. Mai son ganin irinsu sai ya yi tattaki zuwa Weksfod. Har yau bikin na gudana kowace kaka, an buɗe masa sabon gida a 2008, kuma har yanzu 'yan sa-kai na garin ne ke tarbar baƙi.

A Wels ma haka aka faro. Idloes Owen ya yi aikin haƙar kwal tun yana yaro kafin ya zama malamin waƙa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tara ɗalibansa da abokai a Kadif suka kafa ƙungiyar da ta zama kamfanin ofera na ƙasar Wels. Wasansu na farko a Afrilun 1946 aka yi shi. Wanda ya riƙe musu harkar kuɗi, Bill Smith, dillalin motoci ne. 'Yan amshinsu malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da ma'aikata, su tashi aiki su wuce gwaji, kuma an shafe sama da shekara ashirin a haka kafin a fara ɗaukar masu albashi.

To, ina attajirai? Suna nan, amma hannunsu biyu ne. A Ingila John Christie ya gina ɗakin wasa a gidansa na ƙauye, Glyndebourne, ya buɗe shi a 1934 da kuɗin aljihunsa, matarsa mawaƙiya Audrey Mildmay na cikin masu fitowa. Wannan ya ɗore, jikansa ne ma ke jagorantarsa yanzu. Labarin San Diyego a Amurka kuwa daban ne. Joan Kroc, matar mai kamfanin McDonald's, ta bar wa kamfanin ofera na birnin dala miliyan 10 a 2003. Shugabanni suka riƙa yanka daga ciki duk shekara suna toshe giɓi, ba tare da sun rage kashe kuɗi yadda ya kamata ba. Da asusun ya kusa ƙarewa, a ranar 19 ga Maris 2014, kwamitin amintattu ya jefa ƙuri'ar rufe kamfanin, alhali ba bashi ne ya ci su ba.

Mu a ganinmu kyautar ce ta sa su barci. Waɗanda suka farkar da su kuwa ma'aikata ne da mawaƙa da 'yan kallo, waɗanda suka tara sa hannun dubban mutane suna cewa ba su yarda ba. Wata 'yar kwamitin, Carol Lazier, ta ba da dala miliyan 1, da dama daga cikin masu son rufewa suka ajiye muƙamansu, aka buɗe asusun tarbacce a intanet wanda ya tara sama da dala miliyan 2, mafi yawa daga masu ba da kaɗan-kaɗan. A watan Mayu aka janye maganar rufewa. Aka rage kasafi, aka rage albashi, aka fara kai wasu wasannin ƙananan ɗakuna masu sauƙin haya, kuma a 2015 kamfanin ya yi bikin cika shekara hamsin.