Conor Cruise O'Brien: Daga Jakadanci zuwa Aikin Jarida

Conor Cruise O'Brien, wanda aka haifa a birnin Dublin na ƙasar Ailan a 1917, ya kuma rasu a 2008, yana daga cikin mutanen da suka fara da riƙon asirin gwamnati, daga bisani suka koma bayyana wa jama'a abin da ake ƙullawa a bayan labule. Bayan ya sauke karatu a Kwalejin Trinity, ya shiga ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarsa a 1944, ya yi zama a ofishin jakadanci na Paris, sa'an nan ya shiga tawagar Ailan a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kaifin basirarsa da fasahar harshensa suka kai shi gaban Babban Sakatare Dag Hammarskjöld.

Al'amarin da ya juya rayuwarsa kuwa a Kwango ya auku. Yayin da ƙasar ta sami 'yanci daga Beljiyam a 1960, sai lardin Katanga, mai arzikin tagulla, ya ɓalle a ƙarƙashin Moïse Tshombe, da ɗaurin gindin kamfanin ma'adinai na Union Minière da sojojin haya Turawa. A can ne ma aka halaka Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko, a farkon 1961. A wannan shekarar aka tura O'Brien Elisabethville, babban birnin Katanga, a matsayin wakilin Majalisa, da umurnin fitar da sojojin hayan. A ranar 13 ga Satumba dakarun Majalisa suka auka wa birnin, shi kuwa ya yi gaggawar shaida wa manema labarai cewa ɓallewar ta zo ƙarshe, alhali Tshombe ya kuɓuce, wuta kuma ta ci gaba da ruruwa; bayan 'yan kwanaki Hammarskjöld ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Ndola, yana kan hanyarsa ta neman sulhu.

Bisa al'adar jakadu, wanda irin wannan musiba ta sama sai ya haɗiye maganarsa, ya jira a sake masa wurin aiki. O'Brien ya ƙi. A watan Disamba ya ajiye aiki, ya fito a jarida yana tuhumar Birtaniya da Faransa da yi wa aikin Majalisa zagon ƙasa, kana ya wallafa littafinsa To Katanga and Back a 1962, wanda, ko da yake hujjar mai kare kansa ce, har yau masu tarihin wannan fitina ba su wadatu da barinsa ba.

Daga 1962 zuwa 1965 ya shugabanci Jami'ar Gana, har suka saɓa da shugaban ƙasar, Kwame Nkrumah, a kan 'yancin malamai. Abin mamaki, mutumin da ya yaƙi ɓallewar Katanga shi ne ya ziyarci Biyafara lokacin yaƙin basasar Nijeriya, ya yi rubuce-rubuce na tausaya mata, yana ganin mas'alolin biyu ba ɗaya ba ne. Ya yi ministan gidan waya da sadarwa a Ailan daga 1973 zuwa 1977, inda ya tsananta dokar hana watsa muryar 'yan ƙungiyar IRA mai ɗauke da makamai a rediyo da talabijin, kuma wannan ya zame masa abin zargi a wurin 'yan jarida, waɗanda ba da jimawa ba ya zama ɗaya daga cikin manyansu.

Domin kuwa a ƙarshen shekarun 1970 aka ɗora shi bisa shugabancin editocin jaridar Observer ta Landan, ya riƙe har 1981, bayan haka ya daɗe yana sharhi a Irish Independent da mujallun Amurka. Alƙalaminsa bai san sassauci ba: a littafinsa The Siege na 1986 ya karkata ga Isra'ila ƙarara, har waɗansu da suka yabe shi a zamanin Katanga suka juya masa baya, shi kuwa ya ci gaba da jayayya da su a shafukan jarida har cikin tsufansa.