Tarihin Binciken Ciwon Daji a Ibadan da Abin da Ya Rage Gare Mu

Da yawa daga cikinmu mun sha kai marasa lafiya asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan, wanda ba shi da nisa da Sabo. Kaɗan ne suka san cewa a can aka yi wani aiki da masu binciken ciwon daji na duniya ke cin moriyarsa har gobe.

Labarin ya faro ne daga Uganda. A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma lura cewa ya fi yawa a yankunan zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Kudancin Najeriya na cikin wannan yanki, don haka likitocin Ibadan suka duƙufa a kansa. A 1960 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan. A 1963 Farfesa Pulvertaft ya ɗauki ƙwayoyin ciwon daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, ya raya su a ɗakin gwaje-gwaje, suka ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Ana kiran su Raji, kuma har yau ana gwada magunguna da su a ƙasashe da dama.

Shekara guda bayan haka, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar bairos a cikin irin wannan ciwo. Ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Yvonne Barr a lokacin ɗaliba ce mai neman digirin digirgir. Victor Ngu kuwa, ɗan Kamaru da ya yi aikin tiyata a Ibadan, ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda nasarar yi wa yaran magani.

Manyan farfesoshi ba su yi wannan aiki su kaɗai ba. Ƙananan masu bincike ne ke wuni a ɗakin gwaji, musamman waɗanda suka gama digirgir suka ƙara shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wani gwani kafin su tsaya da ƙafafunsu. Ana biyan su a wannan zama. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa, tana ba da irin wannan gurbi tun 1966, kuma tana ba 'yan ƙasashe masu tasowa muhimmanci.

Mu kam, da yaro ya samu digirin farko sai mu ce ya dawo kasuwa, ko ya nemi aiki, ko a yi maganar aure. Ga shi kuma sankarar mama da ta mahaifa na ɗauke mana iyaye mata, galibi don an makara zuwa asibiti. Wanda ya san harshenmu da al'adarmu ya fi kowa sanin dalilin makarar. Idan muna da ɗa ko 'ya mai karatun likitanci ko kimiyyar halittu, mu yi haƙuri da tsawon hanyar, ƙungiya kuma ta duba yadda za ta tallafa da kuɗin fasfo da na jarrabawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi wa karatun yaranmu albarka, amin.