Daga Hurumi Zuwa Filin Shaƙatawa: Tarihin Kula da Filayen Jama'a a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

Kumbiya-Kumbiya ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, tare da irin su Ajiya da Herwagana da Jekadafari da Shamaki da Dawaki da Pantami. Unguwa ce ta cikin gari, kuma a irin waɗannan unguwanni da gidaje suka cushe, galibi harabar makarantar firamare da ƙofar masallaci da bakin titi su ne wuraren wasan yara da taron biki da zaman makoki. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hukumomin da suka riƙe filayen jama'a a wannan gari tun daga ƙarni na 19, tare da kalmomin da aka yi amfani da su wajen kiran filayen. Za a ga cewa tun daga 1978 nauyin kula da fili yana wuyan ƙaramar hukuma, alhali ikon raba ƙasar birni yana hannun gwamna, kuma wannan rabuwa ita ce tushen matsalar da ake fama da ita.

2.0 Filin Jama'a a Tsarin Gargajiya

Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe, ya kuma zauna a Gombe Abba kusa da kogin Gongola. Masarautar ta bi hukunce-hukuncen Malikiyya game da ƙasa, waɗanda Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya tattara a littafinsa Ta'alim al-Radi. A wannan tsari akwai ƙasar da mutum ke mallaka ta hanyar raya ta, akwai wadda shugaba ke yanka wa wani, akwai kuma wadda ake keɓewa don amfanin kowa, ba a noma ta, ba a gini a kanta.

Kalmomin da Hausa ke da su a wannan fage suna nuna irin al'ummun da suka yi cuɗanya a ƙasar Gombe. Hurumi, wato ƙasar da aka keɓe a gefen gari don kiwo da itace, asalinta Larabci ne. Dandali, wato filin da ke ƙofar fada ko tsakiyar gari, daga dandal ta Barebari aka aro ta. Burtali, hanyar shanu da ke ratsa gonaki, daga Fulatanci ta fito. Ga kuma filin idi da maƙabarta da kududdufi, wanda asalinsa ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, amma da damina shi ke tare ruwan unguwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai tsaronsa, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Wanda ya ci hurumi ya san gaban wanda za a gurfanar da shi, domin mai raba ƙasar shi ne kuma mai tsare ta.

3.0 Zamanin Turawa da En'e

Turawan Ingila sun karɓi Gombe a 1902, kuma a 1903 aka yi yaƙin Burmi a cikin ƙasar masarautar, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu. An ɗauke hedikwata daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sa'an nan aka dawo da ita Doma a 1919, a zamanin Sarki Umaru Kwairanga. Doma ɗin nan ita ce garin Gombe na yau. Ke nan unguwannin cikin garin sun bunƙasa ne a ƙarƙashin dokokin Turawa.

Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, a bisa cewa zai riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Amma a aikace, rabon fili ga talakawa a cikin gari ya ci gaba da zama a hannun En'e, wato sarki da majalisarsa da hakimansa. Turawa sun kuma zo da nasu irin filin. Tsarin Lugga na garuruwa ya tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar gudun sauro da zazzaɓi. A manyan garuruwan Arewa, a irin wannan sarari aka yi filayen sukuwa da na wasanni. Daga nan aka sami filaye iri biyu: na bariki, wanda ke cikin taswira kuma doka ta san da shi, da na cikin gari, wanda al'ada da kwarjinin sarauta kaɗai ke tsare shi. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta mayar da ikon Gwamna ga Minista, ba ta taɓa wannan bambanci ba. Da layin dogo ya iso Gombe a 1963, cinikin auduga da gyaɗa ya ƙaru, baƙi suka yi ta shigowa, fili kuma ya soma daraja.

4.0 Gyaran 1976 da Dokar 1978

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Sarakuna suka koma masu ba da shawara, aka miƙa ayyukan yau da kullum ga majalisun ƙananan hukumomi. Tsarin Mulki na 1979, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ciki har da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da magudanun ruwa da wuraren shaƙatawa da filayen da aka bari babu gini. Tsarin Mulki na 1999 ya maimaita wannan jeri.

Sai dai kafin Tsarin Mulkin 1979 ya fara aiki, gwamnatin Janar Obasanjo ta riga ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a ranar 29 ga Maris, 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Ta ce ƙasar da ke cikin birni gwamna ne ke sarrafa ta, ƙaramar hukuma kuwa ikonta ya tsaya ga ƙasar karkara, inda za ta iya ba da har kadada 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Daɗin daɗawa, gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni. An kuma cusa dokar cikin Tsarin Mulki, ta yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyara Tsarin Mulkin kansa.

Ga Ƙaramar Hukumar Gombe, wadda kusan dukkan ƙasarta gari ne, ma'anar wannan a fili take. An ba ta aikin share fili da dasa masa itatuwa, amma takardar mallakar filin daga ofishin gwamna take fitowa. Mai unguwa ya rasa ikonsa na dā, kansila kuma bai gaje shi ba. An ce ba a ba mutum riƙon akuya a hana shi igiya, to abin da ya faru ke nan.

5.0 Bayan Samun Jiha

A ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin ya zama hedikwata. Buƙatar ofisoshi da gidajen ma'aikata da shaguna ta ninka. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 260,000, garin kuma ya malala cikin Ƙaramar Hukumar Akko ta wajen Tumfure. A bayan gari, gonaki suka koma fulotan awon igiya, waɗanda masu su ke yankawa ba tare da barin filin makaranta ko na wasa ba. A cikin gari kuwa, abin da aka saba gani a biranen Arewa shi ne a cike kududdufi da shara, daga baya a aza masa tubali.

Wannan yana da haɗari na musamman a Gombe, domin garin yana cikin kwari ne, ƙasarsa mai rairayi ce, ruwa kuma yana gangaro masa daga tudun da ke yamma. Duk filin da aka rufe da siminti, ruwan da dā yake sha sai ya bi lungu ya ƙara wa zaizayar ƙasa ƙarfi. Ambaliyar watan Agusta na 2004, wadda ta ci rayuka da gidaje a garin, ta nuna girman abin. Matakan da aka ɗauka daga baya, irin su shirin dashen itatuwa na 3G da aka ƙaddamar a 2019 da kafa hukumar GOGIS mai rajistar filaye da na'ura, duk na gwamnatin jiha ne. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin ya shafi kuɗi da zaɓe, ya bar dokar 1978 yadda take.

6.0 Kammalawa

Sauyin hukuma ya bar alama a harshe. Hurumi, wanda dā ƙasa ce da ake iya nunawa da yatsa, yau an fi jin sa a bakin lauyoyi da 'yan jarida da ma'anar ikon kotu, kamar a ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Dandali ya koma dandalin siyasa da dandalin sada zumunta. Filin shaƙatawa yana nufin wurin hutu kawai, bai ɗauke da ma'anar haramcin taɓawa da hurumi ke ɗauke da ita ba. Saboda haka akwai aiki biyu da ke jira. Na hukuma shi ne a auna sauran filayen da ke cikin unguwanni irin su Kumbiya-Kumbiya, a yi musu takarda da sunan ƙaramar hukuma, a kuma sa masu unguwanni cikin masu sa ido. Na masana harshe kuwa shi ne a tattara sunayen waɗannan wurare daga bakin dattawa, da Hausa da Fulatanci da Teranci da Bolanci, domin sunan wuri yakan zama shaida a ranar da aka tashi gardama a kan asalin fili.